Shin man Kolmani ya zo a makare? Amsa kan tsarin makamashin ƙasashe da abin da ya dace da Bauchi da Gombe

Wani malami da ke koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar sakandare a Alkaleri ya aiko mini da tambaya, ya ce ɗalibansa ne suka tsare shi da ita a aji, shi kuma ya ga ya dace ya ji ta bakin wanda aikin lantarki ne sana'arsa. Ga abin da ya rubuta a taƙaice: "Kullum muna ji a rediyo cewa duniya tana barin man fetur da kwal, ga shi mu kuma yanzu ne aka samu mai a Kolmani. Shin mun makara ne? Da wace ƙasa ya kamata mu yi koyi, Jamus ko Faransa ko Sin? Kuma me zai maye mana gurbin mai a nan Bauchi da Gombe?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri, kai da ɗaliban naka, domin tambayar tana da nauyi. Kafin in shiga ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da ya kamata ka fara rarrabe wa yara: makamashi ya fi wutar lantarki faɗi. Akwai wutar da ke kunna fitila da injin niƙa, akwai man da ke tafiyar da mota da babur da Keke Napep, akwai kuma abin da ake hura wuta da shi a murhu. Idan ka ji an ce wata ƙasa ta samu rabin wutarta daga iska da rana, lantarki kaɗai ake nufi, motocinta da masana'antunta suna nan suna shan mai da gas. Mu kuwa a Najeriya, idan aka tara duk makamashin da muke ƙonawa, itace da gawayi ne ke kan gaba, kuma wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi a tarukan manya.

Faransa ta ɗauki hanyarta ne saboda wuya da ta sha. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai a lokacin yaƙinsu da Isra'ila, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Faransa ba ta da man kirki a ƙasarta, kwal ɗinta yana ƙarewa, amma tana da injiniyoyi, da kamfanin lantarki guda ɗaya mallakar gwamnati, da hanyar samun yuraniyom, ma'adinin da injinan nukiliya ke aiki da shi, wanda a lokacin wani kaso nasa daga Arlit ta Jamhuriyar Nijar ake haƙo shi. A 1974 Firayim Minista Pierre Messmer ya sanar da shirin komawa nukiliya, aka yi ta gina injuna masu kama da juna har suka haura 50, kuma har yau kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkin ƙasar daga nan yake fitowa. Sai dai ita kanta Faransa da ta zo gina sabon inji a Flamanville, an fara a 2007 da niyyar gamawa cikin shekara biyar, bai ba da wuta ba sai ƙarshen 2024, kuɗinsa kuma ya ninka kusan sau huɗu. Ba na ba Najeriya shawarar wannan hanya a yanzu, kuma dalilina na aiki ne. Injin nukiliya guda na zamani yana ba da megawat 1,000 ko fiye, alhali duk wutar da babban layin lantarkin ƙasarmu ke ɗauka a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Ranar da injin ya tsaya ba zato, aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasa zai ɓace a daƙiƙa guda, layin kuma ya durƙushe gaba ɗaya. Abin da muke da shi na nukiliya shi ne ƙaramin injin bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004, kuma don nazari aka kafa shi.

Labarin Jamus ya fi buƙatar a tsaya a kansa, saboda shi aka fi kawo mana a matsayin misali. A shekarar 2000 ta yi doka cewa duk wanda ya kafa farantan sola ko injin iska, ko da manomi ne a kan rufin rumbunsa, dole kamfanin wuta ya sayi abin da ya samar, a kan farashin da aka yanke, har tsawon shekara 20. Wannan tabbacin shi ne ya sa bankuna suka saki bashi, domin mai ba da rance ya san daga inda za a biya shi. An ɗora kuɗin a kan takardar wutar gidaje na tsawon shekaru, har wutar Jamus ta zama cikin mafi tsada a Turai, amma zuwa 2023 fiye da rabin lantarkin da ƙasar ke sha ya koma na iska da rana da ruwa da makamantansu. A gefe guda, bayan haɗarin Fukushima na Jafan a 2011 ta yanke shawarar rufe tashoshin nukiliyarta, ta kashe ukun ƙarshe a watan Afrilu na 2023, tana kuma ƙona kwal wanda doka ta ba shi wa'adi har 2038. A ganina an sa abu na gaba a baya, domin kwal ya kamata a fara kashewa. Kuskure na biyu shi ne jingina da maƙwabci ɗaya: a wancan lokacin fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha yake zuwa, da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 aka toshe bututu, masana'antunta suka ji a jikinsu. Kuma akwai abin da Jamus take da shi wanda mu ba mu da shi: ranar da iska ta kwanta, gajimare ya rufe, tana sayen wuta daga Faransa ko Nowe ko Denmark ta layukan da suka haɗa su.

Duk da haka muna cin moriyar kuɗin da Jamusawa suka kashe. Kasuwar da suka buɗe ce ta sa Sin ta gina manyan masana'antun farantan sola, har yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙera su a can ake yi, kuma farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Farantin da kake gani a shagunan kasuwar Wunti ko a babbar kasuwar Gombe jikan waccan dokar ne. Ita Sin ta fi kowace ƙasa kafa sola da injinan iska, tana da madatsar ruwan da ta fi kowace ba da wuta a duniya, mai megawat 22,500, amma fiye da rabin lantarkinta har yau daga kwal ne, kuma 2060 ta sa wa kanta a matsayin shekarar da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, shekarar da Najeriya ma ta ambata a taron Glasgow na 2021. Ganin hadari bai sa ta zubar da ruwan tulu ba: sai sabon ya tsaya da ƙafarsa take sassauta tsohon. Wannan tsari ya fi kusa da halinmu, ko da yake ba mu da aljihun gwamnatinta.

Tunda Kolmani ce ta jawo tambayar, Nowe ce ƙasar da zan so ka karanta wa ɗalibai labarinta. An gano mai a tekunta a 1969, shekara 13 bayan namu na farko da aka gano a Oloibiri ta Neja Delta. Lantarkinta kusan kashi 90 cikin 100 daga ruwa yake, don haka man da gas ɗin sayarwa take yi. A 1990 ta kafa asusun ajiya, aka zuba kuɗin farko a 1996, aka kuma yi ƙa'ida cewa gwamnati ba za ta taɓa uwar kuɗin ba, sai gwargwadon ribar da ake sa rai, kimanin kashi 3 cikin 100 a shekara. Asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, kuma a 2024 kusan tara cikin kowace sabbin motoci goma da aka sayar a ƙasar masu amfani da batir ne. Mu ma mun buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, amma gwamnatoci suka yi ta ɗiba har ya kusan ƙarewa. Burazil kuma ta bi ta gona: daga 1975 ta fara sarrafa rake ya zama man mota, daga 2003 aka fara sayar da motocin da ke shan fetur ko man rake, duk wanda direba ya ga ya fi araha. Ba na ɗokin wannan a yankinmu, domin rake mai shan ruwa ne, kuma fadamar da za a ba shi ita ce ke ciyar da mu da shinkafa da tumatir. Abin da ya fi amfani a labarin Burazil shi ne farin 2001, lokacin da madatsunta suka ja baya har aka tilasta wa jama'a rage shan wuta. Wanda ya dogara da ruwa kaɗai, shekarar da damina ta gaza zai kwana a duhu.

A nan Afirka kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kenya tana samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta ba tare da mai ko kwal ba, mafi yawa daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Olkaria, sai ruwa, sai injinan iska na tafkin Turkana masu megawat 310. Ɗalibanka za su iya tambaya ko ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari, a ƙaramar hukumarku, zai yi irin wannan aiki. Ɗuminsa kusan daidai yake da na jikin mutum, bai ma kai ba, tashar tururi kuwa tana buƙatar zafin da ya zarce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba. Habasha ta fara babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta gina ta galibi da kuɗin 'yan ƙasa, mai ƙarfin megawat sama da 5,000. Maroko ta kafa tashar hasken rana ta Warzazat mai megawat 580, amma har yanzu kwal ne ke ba ta mafi yawan wuta. Sai Pakistan, wadda labarinta ya fi kama da namu: wutar gwamnati ta yi tsada, tana kuma yawan ɗaukewa, sai jama'a suka shiga sayen faranti da kansu, har a 2024 kaɗai aka shigo da na kimanin megawat 17,000. Illar ita ce masu hali sun janye daga layin, aka bar marasa ƙarfi da biyan bashin tashoshin da aka riga aka gina. Wannan hanyar muke kai yanzu, kuma tana damuna ƙwarai.

Idan ka lura, babu ƙasar da ta yi nasara don ta kwaikwayi wata. Kowace ta duba abin da Allah ya hore mata, ta tsaya a kan shiri ɗaya shekara 20 ko 30 duk da sauyin gwamnati, ta kuma fayyace wanda zai biya. Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da gwamnatin tarayya don gina manyan tashoshin sola, jimillarsu sama da megawat 1,000, yawancinsu a Arewa, har da wata mai megawat 100 da aka tsara a Ganjuwa ta jihar Bauchi. Ba a gina su ba, domin an kasa daidaitawa a kan farashi da kuma lamunin da zai tabbatar wa masu zuba jari cewa za a biya su. Rana tana nan, fili yana nan, amana ce ta yi ƙaranci. Ita sola kusan duk kuɗinta a ranar farko ake kashewa, bayan nan babu man saye, saboda haka tsadar bashi ita ce tsadar wutar. Bajamushe yana karɓar rance mai sauƙi na shekara 20, ɗan kasuwar Gombe kuwa idan ya samu ma, kuɗin ruwan ya haura kashi 25 cikin 100 kuma a ce ya biya cikin shekara biyu ko uku. Shi ya sa ƙasar da ranarta ba ta kai tamu ƙarfi ba ta fi mu cin amfaninta: farantin kilowat ɗaya yana ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini a nan, a Jamus kuwa bai cika kai uku ba idan aka raba a shekara.

Haka labarin Dadin Kowa yake. An gina madatsar a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, amma injinan lantarkinta masu megawat 40 sai bayan fiye da shekara 30 suka fara aiki. Madatsar Mambila da aka tsara mai megawat 3,050 har yau a takarda take. Mu ne kuma a ƙarshen layi: yawancin tashoshin gas suna Kudu, wutar tana tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso Gombe ta wuce Yola da Damaturu da Maiduguri. A watan Oktoba na 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace sannan wanda ya biyo ta Makurɗi ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. A kwanakin na shiga wani shagon walda da ƙera ƙofofi a Gombe, na tarar da yara biyar zaune a kan benci, ga ƙofofi uku an yanka ƙarfensu an jingine a bango ba a haɗa ba. Maigidan ya nuna mini littafinsa, ya ce mini, "Injiniya, idan na tayar da janareta, ribar ƙofar a tanki take ƙarewa." Na zauna muka yi lissafin tare. Ƙaramin janareta da wuya litar fetur ta ba shi fiye da yunit biyu, lita kuma a lokacin ta haura naira 1,000, wato yunit ɗaya yana zo masa a naira 500 ko fiye, ba a sa kuɗin baƙin mai da gyara ba, alhali wutar layi mafi tsada, ta rukunin farko da ake kira Band A, ba ta wuce naira 225 ba ko a lokacin da aka ƙara kuɗinta a watan Afrilu na shekarar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ƙaramar sana'a a yankinmu yana sayen wuta mafi tsada a ƙasar nan, kuma daga man fetur.

To me zai maye gurbin? Da rana, sola. Wuri na farko da ya kamata a sa ta shi ne noman rani, domin lokacin da shuka ke neman ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma famfon ba ya buƙatar batir: a cika tanki ko a sake ruwa a kwami da hantsi, da yamma a huta. Na ga manoma a bakin Gongola da suka fara juya injinan ban-ruwansu daga fetur zuwa tukunyar gas, wasu kuma suka haɗa kuɗi su uku ko huɗu suka sayi faranti da famfo ɗaya suna karɓa-karɓa. Bayan gona sai injin niƙa, da firjin allurar rigakafi a asibitocin ƙauye, da rijiyoyin burtsatse. Amma a gaya wa yara gaskiya game da wahalarta. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai idan ba a goge shi, zafin Maris da Afrilu ma yana rage shi, batir mai ruwa yakan mutu cikin shekara biyu ko uku idan ana tatse shi har ƙasa, na litiyom ya fi daɗewa amma kuɗinsa ya fi yawa, kasuwa kuma cike take da jabun kaya. Da dare kuwa ruwa ya fi batir araha idan akwai shi, don haka hikimar ita ce a riƙe ruwan Dadin Kowa da rana lokacin da sola ke aiki, a sake shi bayan magariba, gwargwadon yadda buƙatar manoman da ke ƙasa da madatsar ta bari. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka Bauchi da Gombe ba su da hujjar jiran Abuja a kan ƙananan tashoshin da ke ciyar da gari ɗaya ko rukunin masana'antu ɗaya. Abin da ake buƙata daga gwamnatin jiha shi ne lamuni mai ƙarfi, da mita a kowane gida, da kuma ita kanta ta riƙa biyan kuɗin wutar ofisoshinta a kan lokaci.

Yanzu ga Kolmani. An sanar da gano man a watan Oktoba na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a ranar 22 ga Nuwamba, 2022, a kan iyakar Alkaleri da Akko, aka kuma ambaci kiyasin ganga sama da biliyan ɗaya da gas mai yawan ƙafa kubik biliyan 500. Kiyasi ne, kuma tsakanin kiyasi da gangar farko da za a sayar akwai rijiyoyin gwaji da bututu da kuɗi masu yawa. Idan burin shi ne a kai ɗanyen man teku a sayar wa Turai, to lokaci ba ya tare da mu, domin nisan ya yi yawa kuma masu sayen suna rage sha. Idan kuwa burin shi ne a yi amfani da shi a nan, ba mu makara ba, kuma ni gas ɗin ya fi man daraja a idona. Tashar gas a nan kusa ita ce za ta riƙe wuta a daren da ruwa ya ja baya, daga gas ake yin takin zamani na yuriya, kuma masana'anta irin ta simintin Ashaka, wadda ke ƙona kwal ɗin Maiganga, za ta samu abin da ya fi kwal tsafta. Gas ma yana fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, kusan rabin na kwal a wajen samar da lantarki, don haka gada ce da za a haye, kuma sharaɗinsa shi ne kada a ƙona shi a banza a sararin sama kamar yadda aka shafe shekaru ana yi a Neja Delta. Dokar man fetur ta 2021 ta ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a ƙasarsu kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani, kuma ya dace mutanen Alkaleri da Akko su san wannan tun kafin a fara, su kuma nemi a auna ruwan rijiyoyinsu da ƙasar gonakinsu a rubuta, don a samu abin kwatantawa daga baya.

Saura murhu. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ko ta Ningi ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma kowane buhu itace ne da aka sare aka turara a rami. Matan da ke girki a ɗakin da hayaƙi ya baƙanta rufinsa su da jariran da ke bayansu ne ke biyan kuɗin da huhunsu. Hana saran itace da doka kaɗai ba zai yi aiki ba muddin tukunyar gas ta fi ƙarfin magidanci, domin dole a dafa tuwo. Abin da na ga yana tasiri shi ne a sauƙaƙa kuɗin tukunyar da kan murhun a biya kaɗan-kaɗan, a kusantar da wurin cika ta ƙwarai, a bar mutum ya sayi kilo ɗaya ko biyu gwargwadon aljihunsa, sannan a ƙauyukan da gas ba zai kai ba tukuna a yaɗa murhun da ke rage cin itace, a kuma dasa gandun itacen girki daban da na daji.

Ga aikin da zan ba ka shawarar ka ba ɗaliban, Malam. Kowane ɗaya ya zaɓi sana'a guda a unguwarsu, mai niƙa ko mai cajin waya ko mai sayar da ƙanƙara ko manomin rani, ya rubuta litar da yake sha a mako da awannin da injinsa ke aiki, ya tambayi kuɗin faranti da inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida) da batir da za su ɗauki wannan aikin, sannan ya lissafa watannin da kuɗin man zai biya kayan. Su yi lissafin sau biyu, sau ɗaya da kuɗin hannu, sau ɗaya da bashi mai kuɗin ruwa kashi 25 cikin 100. Idan sun gama ka aiko mini da sakamakon, zan duba shi in mayar maka da gyara.